Gangar da Ba Ta Shiga Inuwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Nomau. Leburan hanya ne a En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani. Shekara talatin da biyar yana wannan aiki, kuma a tsawon shekarun nan ba a haƙa kabari a garin ba sai da hannunsa a ciki. In rijiya ta cushe, shi ke shiga yasa. In katangar wata tsohuwa ta faɗi, kafin a gama jajantawa ya kwaɓa ƙasa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi.

Da ya ajiye aiki, sai ciwon baya ya kama shi. Ko fartanya ya ɗaga, sai ya kwana biyu a kwance. To, me ya yi? Ku saurara. Ya je wurin wani tsohon makaɗi ya koyi gangar noma, da furfurarsa.

Matarsa Lantana ta ce, "Malam, yanzu da roƙo za ka ƙare? Jikokinka su riƙa cewa kakanmu maroƙi ne?"

Ya ce, "Ke dai bari. Gara wannan da in zauna gindin ɗurumi ina cin naman mutane."

Duk inda ake aikin gayya, sai ga Baba Nomau yana bin bayan majiya ƙarfi, kowa da takensa. Ba ya karɓar komai. Dokarsa ɗaya: ba ya yi wa mutum take sai ya ga gumi a goshinsa.

Akwai wani rafi tsakanin garin da gonaki, wanda a daminar da ta wuce ya ci mutum biyu. Aka kira gayyar yin gada kafin ruwa ya sauka. Wani attajiri, Alhaji Bawale, ya yi alkawarin azara arba'in. Ranar aiki ya zo, aka shimfiɗa masa darduma a inuwar tsamiya. Ya ji ana kaɗa wa mahauta da masu kiwon jaki take, shi ko shiru. Ya sa aka kira tsohon.

"Baba, ba ka gan ni ba ne?"

"Na gan ka, Alhaji. Allah ya saka da alheri, godiyarka tana bakina. Amma gangar nan ba ta shiga inuwa. Ɗauki kwando ɗaya na ƙasa, ka ji abin da za ta ce."

Alhaji ya kaɗe riga ya tashi, ya ce azararsa ba ta fita. Gari ya yi wa tsohon nan caa. "Haba Baba, bugu uku kawai! Rayuka fa ake magana!"

Ya ce, "In na buga wa mazauni yau, gobe kowa ya nemi darduma. Wa zai yi muku gadar?"

Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Washegari da hantsi aka ga Baba Nomau ya sa an yaye rufin zaurensa, an zaro azara shida. Lantana na tsaye tana cewa, "To, baƙinka sai su zauna a rana!" Da maƙwabta suka ga haka, kunya ta kama su. Wannan ya zaro biyu, wancan ɗaya. Kafin la'asar an tara talatin.

Rana ta uku sai ga amalanke da azarar Alhaji, shi kuma yana biye, ba babbar riga. Ya sunkuya ya ɗauki kwando. Sai da ya yi sawu bakwai, gumi ya jiƙa masa hula, sannan ganga ta kira sunansa. Gadar ta tsaya kafin ruwan farko.

To, jama'a, ban ce ku je ku sayi ganga ba. Cewa na yi tsufa ba hutu ba ne daga alheri: in hannu ya gaza, a nemi abin da ya rage a yi da shi. Kuma kada ka yabi mutum da abin da bai yi ba, ko da rufin ɗakinka za ka rasa. Ranar Asabar za a yashe kwatar unguwar nan. Na san masu zama a inuwa, kun san kanku. Allah ya ba mu ikon gyarawa.