Gubar da Ke Cikin Duro na Tara

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku. Ba ta Gizo ba ce, ba ta zamanin da ba ce. In na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, saboda haka kada wani ya ce min bai ji da kyau ba.

A wani kamfanin haɗa magunguna da ke bayan Kano, an taɓa ɗaukar matasa uku koyon aiki na shekara biyu. Dukansu sun karanta kimiyya, suka zo su koyi yadda ake yin ta da hannu. Akwai Barira, 'yar wani mai gyaran keke a Gwarzo, wadda aka sa a ɗakin gwaji tana duba maganin da aka gama haɗawa. Akwai Jazuli, shi kuma yana gwada kayan haɗi kafin su shiga tukunya. Sai Nafi'u, a sashen ɗurawa a kwalabe da lodi. Malaminsu wani dattijo ne, Malam Ashiru, shugaban ɗakin gwaji. Kullum maganarsa ɗaya: abin da na'ura ta nuna shi ake rubutawa a littafin gwaji, da biro, ba a gogewa, ba a yage shafi.

Saura mako uku su karɓi takardar shaidar gama koyo, sai damina ta kankama, zazzaɓi ya dinga kwantar da yara. Asibitoci suka yi ta bugo waya suna neman maganin zazzaɓi na ruwa. A daidai lokacin mahaifiyar Malam Ashiru ta rasu a Azare, ya tafi. Komai ya koma hannun manaja, Oga Labaran, wanda ƙanin mahaifiyar Jazuli ne, kuma shi ya samo masa gurbin.

Ranar Litinin aka sauke duro goma sha biyu na gilsarin, wani ruwa mai kauri da zaƙi da ake sawa a maganin yara don su iya sha. Takardun kayan tsaf suke. Oga Labaran ya ce a gwada duro ɗaya a wuce, babu lokaci. Jazuli ya gwada na farko, ya fito lafiya, aka fara haɗi. Amma ƙa'ida ta ce kowane duro sai an gwada shi, don haka kafin a juye kowanne sai ya riga ya ɗebi kaɗan ya ajiye. Kawunsa ya gan shi, ya daka masa tsawa a gaban leburori, ya ce ya bar wannan iyayin. Jazuli ya ce to, bai kuwa bari ba. Barira tana kallonsa kwana biyu, kowa ya fita cin abinci shi yana gaban na'ura. Ranar Laraba da hantsi ya kira ta. Duro na tara ya nuna abin da bai kamata ba. Ya maimaita sau uku, sau uku abin ya fito. Wata guba ce mai kama da gilsarin a ido da a baki, wadda ke kashe ƙodar yaro cikin 'yan kwanaki. Ga shi kuwa an riga an ɗura maganin a kwalabe. Jazuli ya ɗauki takardar sakamakon ya kai ofis da kansa, Barira na biye.

Oga Labaran ya karanta, ya yaga ta biyu. "Na'urar nan ta tsufa. Kai har yaushe ka san aiki? Ni na kawo ka gidan nan."

Jazuli ya ce, "Kawu, kai ka kawo ni, ban musa ba. Amma na'ura ba ta san kai kawuna ne ba." Ya zaro wata takardar daga aljihu ya ajiye. "Na buga guda biyar. In ka yaga wannan ma akwai saura."

A nan kawun ya ce ya cire farar rigar aiki ya fita, kuma kada ya sake taka masa gida.

Barira ta koma ɗakin gwaji. Abin da Jazuli ya gano a duro yake. Babu wanda ya tabbatar yana cikin kwalba. Ta ɗauko kwalabe shida daga katan daban-daban ta gwada. Gubar na nan a duka shidan. Ta zauna da littafin gwaji a gabanta, ta tuna mahaifinta, wanda ya riga ya gaya wa duk mai kawo masa faci cewa 'yarsa ta kusa zama mai haɗa magani. Ta ɗauki biro. Sannan ta rubuta abin da ta gani, ta sa kwanan wata, ta sa hannu. Ta ɗebo jan tambari ta bi kayan da ke sito tana mannawa. A kamfanin nan mai gadi ba ya barin kaya mai jan tambari ya fita sai ɗakin gwaji ya cire da sa hannu, kuma ranar ita ce ɗakin gwaji. Ta kulle siton, ta zura makullin a zaren da ke wuyanta, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa.

Motoci huɗu na jira a tsakar kamfani. Oga Labaran ya iso da direbobi a bayansa. Da farko lallami ya yi, ya ce ai ita yarinya ce mai hankali, yara na can na fama da zazzaɓi, ita ce za ta hana su magani? Da ya ga ba ta motsa ba, ya ce takardar shaidarta a teburinsa take, kuma zai tabbatar babu kamfanin da zai ɗauke ta daga nan har Legas.

"Yallaɓai, takarda a hannunka take, ka yi yadda ka so da ita," in ji Barira. "Amma hannun da zai cire tambarin nan nawa ne, kuma ba zan cire ba. In ka ga dama ka sa a fasa ƙofar. Ga mutane nan, kowa zai ga wanda ya ba da umarni."

Ya juya ya ce wa leburori su kawo guduma. Babu wanda ya ɗaga ƙafa. Tun hantsi har la'asar tana zaune a wurin, a nan ta yi sallar azahar, bayanta jingine da ƙofar. Ko kwalba ɗaya ba ta fita ba.

Sai dai akwai abin da Barira ba ta sani ba, Nafi'u ne ya zo ya faɗa mata tun tana cikin manna tambari. Da sassafe, kafin a gano komai, Oga Labaran ya sa an loda katan goma a ƙaramar mota zuwa wani ƙaramin asibiti can hanyar Ningi, inda aka fi matsa masa. Nafi'u ne ya loda su da hannunsa. Ya kira direban, direba ya ce shi daga Oga kaɗai yake karɓar umarni, ya kashe waya. Lambar asibitin kuwa ba ta shiga. Shugaban sashensu ya ce masa in ya fita ƙofar nan lokacin aiki, to ya fita ke nan. Nafi'u ya ajiye masa katin shaidarsa a tebur, ya karɓi takardar sakamako ɗaya daga hannun Jazuli da ke tsaye a waje, ya ƙunshe a leda, ya hau babur ɗinsa.

Sauran labarin daga baya Barira ta ji shi. Ruwa ya tare shi a hanya, bai tsaya ba. Santsi ya kayar da shi a wata kwana, ƙashin kafaɗarsa ya tsage, ya tashi ya ci gaba da tuƙi hannu ɗaya na riƙe da kan babur da ƙyar. Ya isa asibitin jiƙe sharkaf, duk laka, ya tarar an buɗe katan na farko, mata sun yi layi da yara a goye. Malamar asibiti ta dube shi ta ɗauka mahaukaci ne. Ya miƙa mata takarda, ta ce ba ta san wannan ba. Sai ya haye kan katan ɗin ya zauna, ya ce duk mai son kwalba sai ya ɗaga shi. Mata suka yi masa ca, wani ya tafi kiran 'yan sanda. Cikin hayaniyar ya ƙirga kwalaben da ke buɗaɗɗen katan, ya ga guda ɗaya ba ta nan. Malamar ta ce wata mata ta karɓa ta kama hanyar ƙauyensu. Ya roƙe ta don Allah ta riƙe sauran ko na awa ɗaya ne. Ganin yadda kafaɗarsa ta kumbura bai ko kula ba, ta ce ta ji. Babur ya ƙi tashi, ya bi matar da ƙafa. Ya cim mata a gindin wata tsamiya, ta sauke 'yarta, ta cika murfin kwalbar za ta ba ta. Ya buge hannunta, maganin ya zube a ƙasa. Ta kurma ihu, manoma suka fito daga gona suka rufe shi da duka. Kwana biyu ya yi a hannun 'yan sanda.

Da la'asar ɗin ranar Malam Ashiru ya iso daga Azare, domin Jazuli yana fita ƙofar kamfani ya kira shi. Bai zauna ba, ya buɗe littafin gwaji ya karanta rubutun Barira, ya kira hukumar da ke kula da magunguna. Suka zo suka kwashe kayan, har da katan goman nan, suka gwada a nasu ɗakin. Sakamako ya fito daidai da na matasan. Babu yaro ko ɗaya da ya sha.

Mai kamfanin, wata hajiya, ta sallami Oga Labaran, ta sa aka kira su ukun. Manyan kamfanin suka ce za a mayar da su su ƙarasa koyo, amma sai sun rubuta takardar ban haƙuri saboda ƙin bin umarni, don kada na baya su koya. Barira ta dubi Jazuli, wanda har ranar mahaifiyarsa ba ta amsa gaisuwarsa saboda abin da ya jawo wa ƙaninta. Ta dubi Nafi'u da hannu rataye a wuya. Ta ture takardar da biron gefe.

"Hajiya, mu ba da haƙuri kan me? In gobe aka sake kawo irin duron nan, abin da muka yi shi za mu sake yi."

Mai kamfanin ta ce a bar maganar ban haƙuri. Aka ba su takardunsu.

Bayan wata ɗaya hukumar ta aiko wa Malam Ashiru wasiƙa. Suna da gurbi na horo mai zurfi a babban ɗakin gwajinsu, da aiki na dindindin a bayansa, kuma suna so ya ba su suna daga cikin ɗalibansa. Gurbin ɗaya ne. Ya rubuta musu cewa uku gare shi, suka ce ɗaya suke da shi. Ya tara su ya ce su zaɓa a tsakaninsu, suka ƙi. Barira ta ce, "Malam, ba mu yi don a auna mu ba. Kai aka tambaya."

Dattijo ya zauna da biro a hannu. Ba don Jazuli ba, da babu wanda ya san akwai guba, shi kuwa ya rasa kawu, ya ɓata da uwa. Ba don Barira ba, da motoci huɗu sun watsu cikin garuruwan da babur ɗaya ba zai iya bi ba. Ba don Nafi'u ba, da yarinyar nan ta gindin tsamiya ta haɗiye abin da ke cikin murfin, da sauran yaran da ke layi.

To, ga biron nan na miƙa muku. Sunan wa za ku rubuta?