Dalilin da Ya Sa Gadar Kiryawa Take da Kafaɗa

Dalilin da ya sa gadarmu ta Kiryawa take da faɗi ta can hayi, ta zo ta tsuke ta nan ɓangarenmu, shi kuke son ji? To ku jawo tabarmar nan cikin inuwa, kowa ya ɗebi gyaɗa ya riƙa ɓarewa, don ni ba na ba mai zaman banza labari. Kai Ɗanlami, ina ganin bakinka yana motsi. A ƙwarya na ce a zuba, ba a cikinka ba.

Kun dai san wurin da ake magana. In mutum ya taso daga Hayin Gawo, gada ce shimfiɗiɗiya, jakuna biyu da kaya sai su wuce juna ba su gogu ba. Yana kaiwa tsakiya sai ta yi kafaɗa ta tsuke, har mai babur sai ya sauke ƙafa. Baƙi in sun zo sai su yi ta dariya, wai maginan dā ba su da ido. Suna da idonsu sarai. Kunya ce ta yi musu yawa.

A wancan zamani babu gada ko kaɗan. Gulbin Ɓaure da rani yashi ne zalla, yara su yi ta langa a cikinsa, mata su tona su ɗebi ruwa. Amma da marka ta kankama sai ya cika ya batse, ya raba Kiryawa da Hayin Gawo kamar ba a taɓa sanin juna ba. Sai dai masu fito da manyan gorunansu, ka rungumi gora su tura ka suna iyo. Ranar da ruwa ya yi fushi kuwa, su ma jingine gorunan suke yi su koma gida.

To, a nan Kiryawa akwai wani magini, Baba Jatau, ɗan gajeren tsoho ƙaƙƙarfa mai gajerun hannuwa. 'Yarsa ɗaya tilo, Tasalla, tana aure a Hayin Gawo. Mijinta Nomau shi ma magini ne, dogo zanƙalele, in zai shiga zaure sai ya sunkuya. Tasallar nan na san ta da idona. Ina yarinya ta tsufa tukuf, tana sayar da dafaffiyar gurjiya a bakin gada, in ba ka da ko anini ta cika maka hannu ta ce ka gaishe da uwarka. Allah ya jiƙanta. Daga bakinta na ji yawancin labarin nan.

Wata damina, ana tsakiyar marka, uwar Tasalla ta kwanta ciwo. Aka tsaya a gaɓar nan aka yi ta ƙwala kira har mutanen hayi suka ji. Tasalla ta sheƙo bakin ruwa ta roƙi masu fito, suka ce yau ko ɗansu ne a tsallake ba za su shiga ba. Haka ta wuni a tsaye. Da la'asar ta hango an fito da makara daga gidansu, tana kallo aka bi hanyar maƙabarta. Ba ta riƙe hannun uwarta ba, ba ta yi mata kallon ƙarshe ba. Sai da ruwa ya janye ta zo gaisuwa, ita da baƙi tare.

Baba Jatau ba mai yawan magana ba ne. Amma ana gama girbi ya tafi wurin mai gari ya ce a yi gada. Mai garin Kiryawa ya aika wa na Hayin Gawo, aka taru a tsakiyar yashi, gari biyu, aka yi shawara. Aka ce kowane gari ya gina rabi daga gaɓarsa a haɗu a tsakiya. Na Kiryawa a hannun Baba Jatau, na hayi a hannun Nomau. Faɗin gada kamu shida, kuma a gama kafin ruwan fari.

Kun san kamu? Daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa. Ɗanlami, miƙo hannunka. Ke Hansai, ɗora naki a kai. Kun gani? Ba ɗaya ba ne. Kowane magini da hannunsa yake auna karan dawa ya yanke, shi ne abin awonsa har a gama aiki. In magina biyu za su haɗa gini, sai ƙaramin ya je ya karɓi karan babban. To a nan gizo ya yi saƙar.

Nomau ya je ya ce wa surukinsa ba ni karanka? Ina! A wancan lokaci in mutum ya hango uban matarsa a hanya, ratsewa yake yi cikin gona ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ya wuce. Ba irin na yanzu ba, da ubanninku ke zama da surukansu kan benci ɗaya suna gardamar ƙwallo. Ranar taron ma can bayan mutane Nomau ya zauna, kai a ƙasa. Shi kuwa Baba Jatau ya ga in ya aika masa da kara ba a tambaye shi ba, kamar ya ce mijin 'yarsa bai iya awo ba ne. Kowa ya koma gida ya yanke karansa da hannunsa.

Aka fara aiki. Kai, Tasalla in tana ba da labarin gayyar nan har idonta haske yake yi. Makaɗa a gaɓar nan, makaɗa a gaɓar can, suna amsa wa juna. Maza suna tona yashi sai sun tarar da dutse a ƙasa, sannan su jera manyan duwatsu su ciji juna, ginshiƙi ya tashi. Wasu suna daji suna sare giginya suna tsaga azara da za a shimfiɗa a kai. Mata suna jigilar ruwa da fura. Ita Tasalla kullum ƙwarya biyu take damawa, ta ajiye wa mijinta ɗaya, ta ratsa yashi ta kai wa ubanta ɗaya.

Nomau ne ya fara yin magana. Wata rana ya hau kan ginshiƙinsa ya kanne ido ɗaya ya hango na tsallake, sai ya ga faɗinsu ba ɗaya ba ne. Da Tasalla ta kawo fura ya ce mata, murya ƙasa-ƙasa, "In kin je wurin Baba, ki ɗan duba mini karan awonsa."

Ta je ta gwada karan uban da bakin zanenta, ta dawo ta gwada na mijin. Ta ce, "Mai gida, naka ya ɗara nasa da faɗin tafi har da ɗoriya."

Nomau ya dafe kai.

Ta ce, "To ka gaya masa mana, tun aikin bai yi nisa ba."

Ya ce, "In ce masa me? In ce hannunsa gajere ne? Ki dai gaishe shi, ki ce aikinsa ya yi kyau."

Kashegari ta durƙusa gaban uban ta ce, "Baba, mai gidanmu yana gaisuwa." Ya ce yana amsawa. Sai ta ce, "Baba, kamar ginshiƙan can sun fi na nan faɗi."

Ya ce, "Na gani tun ranar da ya kafa na farko."

"To, Baba?"

"To me? In aika wa mijinki ya rushe aikinsa a gaban mutanen garinsu? Gobe da wane ido zai dube su? Ki ce masa Allah ya yi albarka."

Haka aka yi ta tafiya, gaisuwa ta je gaisuwa ta dawo, ginshiƙai suna matsowa kusa da juna. Masu ɗaukar dutse ma sun gani, amma kowa ya ɗauka manyan sun san abin da suka shirya. Kar ku yi dariya, ku da ko gaisuwar safe sai an tuna muku.

Ita Tasalla wani abu ne daban yake cin ranta. Ta lura furar uban tana dawowa da saura. Ta ga in ya ɗaga dutse sai ya juya wa mutane baya ya yi tari mai tsawo, ya goge baki da hannun riga. Tsoro ya kama ta, don ta san daminar nan mai zuwa da wuya ya ga ƙarshenta. Kuma ba ta da halin tarewa a gidansa ta yi jinya, ga yara ƙanana, ga uwar Nomau makauniya da ita ke yi mata komai. In gadar nan ba ta haɗu bana ba, abin da ya faru da uwarta shi zai faru da ubanta.

Da bazara ta yi, zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗowa ta gabas, sai rabi biyun suka zo daf da juna, saura tsawon azara ɗaya a tsakani. Nan fa abin da ake ɓoyewa ya fito fili. Ginshiƙin Nomau ya fi na Baba Jatau faɗi ta dama da hagu, ko yaro ya duba ya gani. Makaɗa suka yi shiru. Mutanen Hayin Gawo suka ce Kiryawa sun yi rowar dutse, su rushe nasu. Kiryawa suka ce kamu shida aka ce, kuma hannun babba shi ne kamu, na hayi su rushe. Har an fara naɗe hannun riga.

Su maginan kuwa tasu rigimar daban ce. Baba Jatau ya ɗauki dagi, ƙarfen nan na haƙa, ya nufi ginshiƙinsa, ya ce a gaya wa Nomau laifin nasa ne, shi zai rushe. Nomau da ya ji, sai ya rarumi nasa dagin ya aiko a ba Baba haƙuri, shi ne yaro, nasa za a rushe. Ɗan aike ya yi ta kai da kawowa tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. Kuma ko na wa aka rushe, gada ta sha ruwa bana, don an riga an yanke azarar kowane ɓangare daidai faɗinsa.

Sai Tasalla ta ajiye ƙwaryarta a yashi ta shiga tsakanin ginshiƙan biyu ta tsaya. Mace ce mai kawaici, ba a taɓa jin muryarta a taro ba. Ta ce, "Baba, don Allah ka ajiye dagin nan. Mai gida, kai ma ajiye naka. Ni ba jaki ba ce, ba mangala nake ɗauke da ita ba. Inda zan sa ƙafata kawai nake nema. Na tsaya a gaɓar can sau ɗaya na kalli makara ta fita daga gidanmu. Ba zan iya na biyu ba."

Kowa ya gane abin da take nufi, har shi tsohon. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya saki dagin ya faɗi a yashi. Ya hau kan ginshiƙinsa ya zauna, ya dubi surukinsa ido da ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Nomau, miƙo azara."

Nomau ya miƙa da hannu biyu, kai a sunkuye, yana zufa. Suka jera azara daidai faɗin ginshiƙin tsoho, ragowar faɗin na Nomau aka bar shi ya fito ta gefe da gefe. Aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka daɓe. Ba a daɗe ba ruwan fari ya sauka, gulbi ya taso ya daki ginshiƙai, suka tsaya.

Da marka ta yi tsakiya, wata safiya maƙwabcin Baba Jatau ya ƙetara ya sallama a gidan Nomau, ya ce tsoho ya kasa tashi. Tasalla ta goya ƙaramin ɗanta ta fito. Ruwa a ranar ja wur, yana ruri yana tafe da itatuwa, masu fito suna zaune a gaɓa sun jingine goruna. Ta bi ta kan gada ta wuce su.

Ta tarar da shi kwance a kan gadon kara, ya rame. Ya buɗe ido ya ce, "Ke ce?"

Ta ce, "Ni ce, Baba."

"Da me kika ƙetaro?"

"Da ƙafata."

Ya ce, "Ta jiƙe?"

Ta ce, "Ko kaɗan, Baba."

Ya lumshe ido ya ce, "To, aiki ya yi."

Bai kai Juma'a ba. Ita ta ba shi ruwansa na ƙarshe, ita ta rufe masa ido. Ta yi kuka ƙwarai, amma ta ce mini kukan ranar mai sauƙi ne, don a gefensa ta yi shi.

Da rani ya dawo, mutane suka ce yanzu ga lokaci, a faɗaɗa ɓangaren Kiryawa a daidaita gada. Nomau ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa dutse ɗaya a ginin surukinsa. Bayan shi 'ya'yansa suka riƙe maganar. Azara ta sha ruɓewa ana sauyawa, daga baya aka zo aka zuba siminti, amma dattawan gari biyu suka ce a bi ginshiƙan yadda suke.

To shi ya sa har yau gadarmu take da kafaɗa, kuma ba za ku ji ɗan Kiryawa na asali ya yi mata dariya ba. In kun zo inda ta tsuke, ku rage gudu. Hannun Baba Jatau ne kuke bi ta kai. Iyakar tsawon da Allah ya ba shi ke nan, kuma ya isa ya kawo masa 'yarsa.