Gudun Jatau a Rumbun Dila

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata shekara mura mai kisa ta shigo daji. Dila, malamin daji, ya ce sai ya gano ko gudu na kare jiki daga ciwo. Sai ya kama ɓeraye biyu, Jatau da ƙanensa Mantau, ya zuba su a tsohon rumbu.

Ya ce wa Mantau, "Kai, riƙa kewaya rumbun nan a hankali, in ka gaji ka huta." Ya ce wa Jatau, "Kai kuwa kullum saurinka ya fi na jiya."

Jatau akwai son yabo. Ya yi ta gudu har haƙarƙarinsa suka fito.

Mantau ya ce, "Yaya, ka sassauta mana, ko abinci ba ka iya ci."

Jatau ya ce, "Rabu da ni, Malam ya ce na fi ka ƙarfi."

Ran kwana arba'in, Dila ya jefa musu tsumman da mai mura ya kwanta a kai. Mantau ya yi atishawar kwana biyu ya warware. Jatau kuwa gudu ya riga ya cinye ƙarfin da zai yi faɗa da ciwo. Kwana uku ya mutu.

Mantau yana kuka ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ka gane yanzu. Sake ni in kai gawar Yaya gida."

Dila ya ce, "Sau ɗaya na gani, wataƙila dace ne. Gobe kai za ka fara gudun Jatau."

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɓera.