Malam Nadabo da Karen da Yake Tsoron Sanda

An yi wani mutum a wani gari, tun kafin a haifi kakanninmu, ana ce da shi Malam Nadabo. Bawan Allah ne, masaƙin tabarma, talaka tilis. Ku saurara, jama'a.

Wata rana ya fita yankan kaba, sai ya ji nishi a gindin wata kuka. Ya leƙa, ga wani jan kare a ɗaure, igiya ta ci masa wuya har ta shige nama. Mafarauta ne suka jibge shi don ya kasa kama zomo, suka yi gaba abinsu.

Nadabo ya miƙa hannu zai kwance shi, kare ya gartsa masa cizo.

"Ba laifinka ba ne," in ji Nadabo. "Hannun duka kaɗai ka sani."

Ya ɗaure raunin hannunsa da tsumma, ya yanke igiyar, ya naɗe karen a mayafinsa ya kawo gida. Ya yi masa 'yar rumfa a bayan danga, yana wanke masa wuya da ruwan bagaruwa.

To, wuya dai ya warke cikin kwana ashirin. Amma tsoro fa? Tsoro bai warke ba. In karen nan ya ga sanda, ko da taɓarya ce, sai ya zube ƙasa yana makyarkyata. Ba ya cin abinci in ana kallonsa. Sai Nadabo ya riƙa ajiye masa tuwo, ya juya baya ya zauna nesa yana ƙyale shi. Gobe Nadabo ya matso taku ɗaya. Jibi ma taku ɗaya.

Ana nan sai magana ta zaga gari. Mutane suka ce, "Kare a gidan mai saƙa tabarmar salla? Wa zai saya?" Ciniki ya tsaya cik.

Matarsa Tasalla ta ce, "Malam, gero fa ya kusa ƙarewa a rumbu."

Ya ce, "Na sani. Allah ya gani, karen nan ba ya kusantar kabata. Amma in na kore shi yanzu, ai na ƙarasa aikin waɗanda suka doke shi."

Wata huɗu, jama'a! Wata huɗu suna kwana da rabin ciki. Ran nan da hantsi, sai ga kare ya tako da kansa, ya kwanta dab da ƙafar Nadabo.

Ba a daɗe ba wani makiyayi mai suna Ja'e ya yi sallama. Ya ce kura ta dame shi a ruga, yana neman karen tsaro. Nadabo ya kalli sandar da ke kafaɗarsa, ya ce, "Ga kare, amma abin da ke kafaɗarka shi ne abin tsoronsa. Za ka iya haƙuri?"

Ja'e ya ce zai iya. Kwana tara yana zuwa. Da farko yakan bar sandar a waje, daga baya ya riƙa kwantar da ita a ƙasa, ya ajiye ƙoƙon nono kusa da ita. A rana ta tara kare ya tsallake sandar ya sha nonon.

Da za su tafi, karen ya tsaya yana waiwaye. Nadabo ya ce, "Je ka, can akwai nono, can akwai aiki." Ya shige zaure da sauri, Tasalla ta gan shi yana share ido.

'Yan'uwa, ga abin da nake so ku riƙe: tausayi ba na rana ɗaya ba ne. Ɗauko mai rauni da sauƙi. Zama da shi har tsoronsa ya kwanta, nan ne ake gane mai imani. Wanda ya yi wa kare haka, yaya kuke tsammani zai yi wa mutum? A gidajenmu akwai wanda in ka ɗaga murya sai jikinsa ya ɗau rawa. Wata marainiya ce, wani tsoho ne da duniya ta wulaƙanta. Kada ku ce ya cika baƙin hali. Ku tambayi me ya same shi, sa'an nan ku sassauta murya. Allah ya sa mu cikin masu tausayi, ya tausaya mana ranar da za mu fi kowa tsoro.