Wuyan Ƙififiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ƙififiya matar Kunkuru ta tsufa, jijiyoyi suka fito a wuyanta kamar igiya. Ta tafi wurin Kunama.

"Wanzamiya, gyara mini wuyan nan."

"Harbi ɗaya, za su kwanta. Kin tambayi mai gidanki?"

"Makaho ne, me zai gani?"

Kunama ta harbe ta. Wuya ya yi sumul, murya kuwa ta dishe. Da ta koma gida, Kunkuru ya shafa wuyanta, yadda ya saba gane ta. Ya janye hannu.

"Baiwar Allah, kin yi ɓatan kai. Matata nake jira."

Har ya mutu yana jiranta, tana zaune gefensa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera.