Ranar Da Aka Ɗaga Jinkar Sarki Barmo

Ƙawata Hajo, ajiye tsintar shinkafar nan ki matso, yau labarin mutanen da zan ba ki.

A wani zamani, tun addini bai gama ratsa ƙasa ba, an yi wani sarki ana ce masa Barmo. Dokar garinsa ita ce, ba mai kusantar tukunyar giya sai wanda ya yi aure ya kafa rumbunsa. Wata safiya fada ta cika, sai Madawaki Mantau, shugaban mayaƙa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, samarin da gemu bai fito musu ba su ke ɗaukar mini kwari da baka, su mutu a bakin daga. Yaron da ya isa mutuwa bai isa ƙoƙo ɗaya ba? A sassauta musu."

Sarki ya gyaɗa kai, don maganar ta shige shi. Waziri Nomau kuwa, dattijo mai salla, wanda ya so a ce babu giyar ma ɗungum, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a gwada su tukuna."

Madawaki ya yi dariya. "Tsoho mai kunu, me ka sani game da maza?"

Sarki ya ce, "To a gwada. Wanda ya faɗi a cikinku, a gabana za a warware masa rawani."

Waziri ya amince. Ya ce ga sabon zauren Sarki an gama gini, saura ɗora jinka. Samarin Madawaki su sha yadda yake so, sannan su ɗaga ta.

Ranar ta zo, gari ya taru. Samari suka sha, ido ya yi ja, kowa na bugun ƙirji. Jinkar kuwa ƙatuwa ce, ciyawa ɗanya, nauyi kamar an jiƙa ta. Sai Waziri ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, al'adarmu, wanda ya kira gayya shi ke tsayawa cikin ɗaki da gwafa ya tari ƙoƙuwar jinka. Gayyar nan ta Madawaki ce, amma yau shi shaida ne, wurinsa gefen Sarki. Sai babban ɗansa Arzika ya shiga a madadinsa."

Sarki ya ce, "Haka al'ada take."

Arzika ya ɗauki gwafa ya shiga. Waziri ya saci kallon bayan zaure, inda ya ɓoye maƙera ƙarfafa don ko ta ɓaci, yana ta salati a zuci.

Makaɗi ya buga, samari suka ɗaga. Na gabas suka yi gaba, na yamma suka yi baya. Wani ya saki hannu yana rawa, wani ya ce ai shi zaure biyu yake gani, a gaya masa wanne. Jinka ta karkata, ta yi ƙara, ta nufo kan katanga a gicciye.

"Ku ajiye!" Madawaki ya zabura, takalmi ɗaya a ƙafa. "Ku ajiye, 'yan banza, ɗana na ciki! Waɗannan yara ne, ba su san abin da suke yi ba!"

Maƙera suka fito suka tare jinka. Arzika ya fito lafiya, ciyawa a ka.

Sarki ya ce, "Madawaki, maimaita, ban ji ba."

Ya sunkuyar da kai. "Yara ne, ranka ya daɗe."

Dogarai suka taso za su warware masa rawani, Waziri ya ɗaga hannu. "A bar masa, don rabin maganarsa gaskiya ce. Yaron da bai isa ƙoƙo ba, bai isa daga ba. A bar doka yadda take, a kuma daina kai mana su yaƙi sai sun kafa rumbu."

Sarki ya ce an yi. Hajo, ki ji guɗa! Iyaye mata suka yi ta rangaɗawa har muryoyinsu suka dushe, kowace ta ja kunnen nata zuwa gida, yana tangaɗi tana salati.

Amma don Allah ki bar shi a cikinki, kar ki gaya wa kowa. An ce mutanen gidan da ke kallon namu jikokin Madawakin ne, kuma a rijiyarsu nake ɗiban ruwa.