Salkar Jatau

An ce wani sarki ya ja runduna ya kewaye wani birni da ya yi masa tawaye. Ya tare hanyar kogi, ya sa aka cike rijiyoyin bakin ganuwa da ƙasa, ya zauna yana jira ƙishirwa ta yi masa yaƙi. Da bazara ta tsananta, mutanen birnin suka buɗe ƙofa da hannunsu.

A cikin rundunar akwai wani tsohon malami, Malam Ilu, wanda ke yi wa matattu sutura. Da ya shiga birnin bai tarar da waɗanda takobi ya sara ba, sai gawawwakin tsofaffi da jarirai, leɓunansu duk sun tsattsage. Ya wuni yana binnewa, ko ruwan wanka babu, sai taimama. Yana fitowa ya ji shela cewa za a fille kan wani dakare mai suna Jatau, don an kama shi lokacin kewaye yana zura salkar ruwa ta kan ganuwa ga matan da ke kuka a ciki.

Ran malam ya ɓaci. Ya nufi sansanin sarki da ƙasar kabari a rigarsa, ya tarar da Jatau a ɗaure, hauni na wasa takobi.

Ya ce, "Ya sarki, Allah ya ba ka nasara, tambaya na zo da ita. Me ya kawo ka yaƙar birnin nan?"

Sarki ya ce, "Gadon ubana ne. Mutanensa talakawana ne, wani ɗan tawaye ne ya raba ni da su."

"To, wannan bawan Allah fa, me ya yi?"

"Ya ci amanata. Ya shayar da abokan gabana."

Malam Ilu ya ɗaga murya, abin da ba a taɓa yi ba a gaban sarkin. "Ya sarki, zaɓi ɗaya! In abokan gabanka ya shayar, to birnin ba naka ba ne, kai mahari ne da ya faɗa wa garin mutane. In kuwa talakawanka ya shayar, to duk cikin rundunar nan shi kaɗai ya yi aikin sarki, kai kana zaune a inuwa kana jiran 'ya'yanka su mutu."

Dogarai suka zabura, sarki ya ɗaga musu hannu. Sannan ya taso da kansa ya kwance Jatau, ya ce a kawo masa riga da doki.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar rigar. A buɗe kogi tukuna, akwai sauran masu numfashi."

Sarki ya cire alkyabbarsa, ya karɓi fartanya, ya shige gaba zuwa bakin kogi.

Shi ya sa masu hankali suka ce: takobi na iya ba ka gari, amma sai adalci ke ba ka mutanen cikinsa.